Littafin da Kawu Ya Ba Ni Aro

Allah da Ya ba mu Kawu Ya karɓi abinSa ranar wata Talata, ana tsakiyar kaka, a gidansa da ke gindin dutse a Kazaure. Daga gare Shi muka zo, wurinSa kuma kowa zai koma. Ina Roni ina koya wa 'yan aji biyar lissafi wani direban motar kasuwa ya kawo mini saƙon, kuma kafin in ta da babur in iso har an kai shi makwancinsa.

Na zauna makoki da yawa, amma ban taɓa ganin irin na Kawu ba. Mutum zai shigo zaure ya yi gaisuwa, a shafa fatiha, sai ka ga ya zura hannu cikin aljihun riga ya fito da littafi ya ajiye a bakin tabarma, kansa a ƙasa kamar wanda aka kama da kayan wani. Wani tsohon masinja ya kawo guda biyu, yana ta rantse-rantse wai shi Juma'ar nan ya yi niyyar mayarwa. Wani Bafillatani ya taso tun daga rugarsu ta wajen Gwiwa da nasa naɗe a tsumma, ya ajiye, ya buɗe baki maganar ta ƙi fita, ya koma waje ya jingina da katanga yana share ido. Wani tela abokin sana'ar Kawu yana hawaye yana dariya, yana ba da labarin rigar da ta yi Sallah biyu a gefen keken Kawu ba a haɗa mata hannu ba, saboda mai keken yana karatu. Kafin addu'ar uku littattafai sun yi tuli a kusurwar zaure.

Yaya, babban ɗan Kawu, ko kallon tulin bai yi ba. Idonsa yana kan wata ƙusa da ke bangon zauren, inda wata jar gafaka ta yi shekara da shekaru a rataye. Da jama'a suka ɗan ragu sai ya tambaya, ba tare da ya dubi kowa ba, ina Dattijo. Dattijo shi ne sunan da Kawu ya sa wa littafin da ke cikin gafakar. Na ce yana wurina a Roni.

“To a dawo da shi kafin arba'in,” in ji Yaya. “Kayan magada ne.”

Gaskiya ya faɗa. Ni ɗan ƙanwar Kawu ne, ba ni da ko allura a gadonsa. Magadansa su ne matarsa Inna, da Yaya, da ƙanin Yaya da ke kasuwanci a Babura, da ƙanwarsu da ke aure a Gwiwa. Abin da ya sa gabana ya faɗi shi ne, Dattijo rubutun hannu ne, ganye-ganye ne ba a ɗinke ba, kuma na san yadda ake yi wa irinsa a rabon gado idan magada suka kasa daidaitawa. Kasa shi ake yi kamar gyaɗa.

Kawu ba malami ba ne, kuma in ka kira shi malam sai ya waiwaya ya duba ko akwai wani a bayansa. Tela ne a bakin kasuwa, mai gajeren gemu da tabarau ɗaure da zare. Ya yi karatun allo a gida, boko kuma da girmansa ya koya, har ya zama shi ke koyar da manya da la'asar a shekarun da aka samu mulkin kai. Tun daga nan ya kamu da cutar da ba ta sake shi ba. Duk wanda zai je Kano sai ya ba shi saƙon littafi, Inna tana mita cewa wasu mazan da atamfa suke dawowa.

A wurinsa littattafai iri biyu ne, akwai yara akwai dattawa, kuma a kan wannan muka yi faɗan da ya fi kowane tsawo tsakanina da shi. Na dawo hutu daga makarantar horon malamai da wani sabon littafi da ya tashi kan ɗalibai, ana layin karatunsa har ana dambe. Na kai masa ina hura hanci. Ya cinye shi a kwana biyu a kan keke, ya miƙo mini, ya ce yana da zaƙi kamar rake, amma shi bai taɓa ganin wanda ya koma ya ɗauki tuƙar da ya tofar ba. Raina ya ɓaci. Na ce ai shi dama tsufa kawai yake girmamawa, in takarda ta yi ja kuma da ajami aka rubuta to ta zama dattijuwa ko shirme ne a ciki. Ya tashi ya ɗauko wasu littattafan boko guda uku na ɗab'i, waɗanda ya kai wa baduku ya yi musu bangon fata. Ya ce waɗannan duk na girme su, amma sun riga sun yi furfura. Sannan ya nuna wani tsohon rubutun hannu a ƙasan akwati, ya ce wancan ya girmi kakana, amma har gobe yaro ne, don ba wanda ya taɓa aronsa ya dawo yana neman na biyu.

Wannan shi ne ma'auninsa, kuma bai taɓa sauya shi ba. Ba ya tambayar wanda ya rubuta littafi, ba ya tambayar shekarunsa. Abin da yake lura da shi shi ne ko mai aro zai dawo bayan shekara ya ce a sake ba shi. In har aka kai ga wani ya karanta ya kasa rabuwa da shi, ya zauna ya kwafe shi da hannunsa ba wanda ya sa shi, to wannan littafin ya gama girma. Na yi fushi wata biyu ban taka shagonsa ba. Bayan wasu shekaru na ɗauko littafin nan nawa don in sake karantawa, na kasa wuce shafi na uku. Ban taɓa gaya masa ba, amma duk lokacin da mai rake ya wuce sai ya kira shi ya saya mini, yana ɗinkinsa fuskar nan kamar ba shi ba.

Bai taɓa hana kowa aro ba, kuma bai taɓa ba kowa kyautar littafi ba. Duk Kazaure an san wannan. Yakan ce in ya ba ka, ka sa shi a akwati ke nan ya mutu, in kuwa aro ne dole ka karanta don kunyar ranar mayarwa. Bafillatanin nan da ya kasa magana a makoki ɗalibinsa ne na ajin manya. Ya taɓa aron ɗaya daga cikin masu bangon fata ya tafi da shi mashekari wurin kiwon rani, ya dawo bayan rani littafin ya sha hayaƙi, nono ya zube a rabinsa. Ya zo da tunkiya a ɗaure yana ba da haƙuri. Kawu ya karɓi littafin ya sansana, ya ce wannan ya fi shi ganin duniya, ya sa aka mayar da tunkiyar, ya kuma ɗauko masa na biyu.

Dattijo ne kaɗai ba ya fita daga gida. Labarin wani saurayi ne da ya bi ayarin fatake zuwa ƙasar goro, da abin da ya gani a kowane zango, da yadda ya riƙa jayayya da madugu har suka rabu a bakin wani kogi. Ba sunan marubuci a jikinsa. Kakan Kawu ne ya kwafo shi daga wani baƙo, shi da mahaifin Kawu da Kawun kansa duk sun cika gefen ganyayen da ƙananan rubutu, wani ya ce madugu ya yi daidai, na bayansa ya rubuta a ƙasa cewa bai yi ba. Kawu ya ce yana ɗan shekara ashirin saurayin yake goya wa baya, da ya kai sittin sai ya tarar ya koma bayan madugu, alhali ko ɗigo ba a ƙara wa littafin ba. A zaure ake karanta shi, bayan an wanke hannu, kuma ni kaɗai yake bari in juya ganye.

Nan ne bakin ciwon Yaya. Ni da shi taubasai ne, ya kamata a ce tsakaninmu sai tsiya da wasa, kuma muna yara haka muke. Amma Yaya bai zauna ya yi karatu ba. Ya gudu daga makaranta ya bi manyan motoci, ya zama direba, da kuɗin mai ya shigo ƙasa ya koma ɗan kwangila, ya gina wa Kawu ɗakin siminti da rufin kwano. Kawu ya yi godiya, ya sa albarka, ya zuba littattafansa a ɗakin don gara ba ta cin siminti, shi kuma ya ci gaba da kwana a ɗakinsa na ƙasa. Ina wurin Yaya ya leƙa ya ga abin da aka yi da ɗakin. Tun daga ranar ya daina yi mini wasa, ya koma kirana Malam, da irin muryar da ba girmamawa a cikinta.

Ni ma da nawa laifin, kuma ba zan ɓoye shi a ta'aziyyar mutumin da bai iya ƙarya ba. Shekara uku Kawu yana roƙona in zauna in kwafe Dattijo, don idonsa ya yi rauni kuma gefen ganyayen ya fara marmashewa. Ina ta cewa sai an yi hutu. Aka yi mana ƙarin albashi na sayi babur, hutu ya koma na yawo. Mako guda kafin ya rasu, yana kwance, ya sa aka sauko da gafakar ya ɗora mini a cinya. Ya ce tunda ni ba zan zo wurin Dattijo ba, to Dattijo zai bi ni Roni.

“Aro ne, ka ji ko? Ka kwafe ka dawo mini da abina.”

Na ce na ji, Kawu.

Bayan addu'ar uku na koma Roni na kama aikin da na ƙi yi cikin shekara uku. Ana tashi daga makaranta sai in shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ba na ɗagowa sai hasken rana ya ƙare. Hannuna ya saba da boko, a ajami tafiyar hawainiya yake yi, ga rubutun gefe ƙanana kamar ƙafar tururuwa. Ganye ɗari biyu da goma ne. Kwana talatin da biyar suka wuce ina kan na saba'in. Ban taɓa jin haushin kaina irin na kwanakin nan ba.

Ana jibi arba'in na je gaida Inna. Tana takaba, zaune a kan tabarma da carbi. Ta sa aka ba mu wuri, ta rage murya, ta ce 'ya'yanta sun riga sun fara. Yaya ya ce shi ne babba, littafin nasa ne gaba ɗaya. Na Babura ya rantse ba zai yarda ba, ta Gwiwa kuma ta ce ita ma rubutun ubanta ne. Inna ta ce ita ta yafe nata kason a cikinsa, ba wanda ya saurare ta.

“In malamin rabo ya tambaye ka, ka ce kyauta ya ba ka,” in ji ta. “Ni zan tsaya maka shaida. Ba kowa a ɗakin ranar sai ni da kai.”

Na ce Inna, ai duk garin nan an san Kawu ba ya kyautar littafi.

“An san ba ya bari wannan ya fita, ga shi kuma ya fita. Za su yarda. Ɗan nan, shekara arba'in da biyar ina share ƙasan ƙusar nan. Kada ka bari su yayyaga shi.”

Na yi mata sallama na fito. A hanyar Roni na yi ta kawo wa kaina hujja. Ai abin da Kawu yake so shi ne littafin ya rayu. Ai zan iya kwafewa in mayar musu daga baya. Ai takarda ce, ba gona ba. Kowace hujja da na kawo tana da kyau, kuma ba wadda ta goge abin da kunnena ya ji a bakin gadonsa.

Ranar rabo aka zauna a zaure da hantsi, da malamin da zai raba da dattawan unguwa biyu. Gida da gona da keken ɗinki ba su ɗauki lokaci ba. Tulin littattafan ma kowa ya ce a bar su a ɗakinsu. Da aka zo kan gafaka na ajiye ta a tsakiya, zauren ya yi shiru har ana jin carbin Inna daga bayan ƙofar soro. Malamin ya dube ni ya ce kafin a sa wannan cikin gado yana da tambaya, tunda a hannuna aka same shi kuma uwargida ta aiko masa da wata magana. Yaya ya ɗago kai ya zuba mini ido.

“Tsakaninka da Allah, marigayi ba ka ya yi, ko ara maka ya yi?”

Na ji carbin ya tsaya. Na dubi gafakar, na ga inda zufar hannun Kawu ta mayar da jar fatar baƙa.

Na ce, “Aro ne.”

Daga bayan ƙofa na ji Inna ta tashi ta shige ciki tana jan takalmi.

Malamin ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce a yi wa littafin kima mutum ɗaya ya ɗauka, aka ƙi. Ya ce a ajiye shi a gidan kowa ya riƙa zuwa, Yaya ya ce gidan a kasonsa ya faɗo, na Babura ya ce to shi ya sa. Aka koma kan a raba shi kashi-kashi, nan ma Yaya ya ce farkon nasa ne, ƙaninsa ya ce a farkon albarka take. Ƙarshe wani daga cikin dattawan ya kawo shawarar da kowa ya ga ita ce adalci, a riƙa zarowa daga sama, biyu ga Yaya, biyu ga ƙaninsa, ɗaya ga ƙanwarsu, a sake zagayowa har ya ƙare, don kada wani ya ce an ba wani wuri mai kyau. Na ce don Allah su tsaya, in aka yi haka ba wanda zai iya karanta nasa, kuma ganyayen ba su da lamba. Yaya ya nuna ni ya ce Malam ya riga ya faɗi abin da aka tambaye shi.

Ina zaune aka yi. Malamin yana lasar yatsa yana zarowa, biyu, biyu, ɗaya. Sau arba'in da biyu aka zagaya. Na Babura ya naɗe nasa a jarida, na ƙanwarsu aka sa a cikin kwano aka rufe da faifai, Yaya ya ɗauki nasa da gafakar. Inna ta yi wata huɗu ba ta amsa gaisuwata sai da ka.

Shekara guda ke nan. Na Babura ya ba ni aron nasa ba gardama, sai dai na tarar ya riga ya kai ganye tara an ɗinke wa 'ya'yansa layu, waɗannan kam sun tafi. Ta Gwiwa ta kawo mini nata da kanta har Roni. Masu rubutu na zamanin da can sukan sa kalmar farko ta ganye mai zuwa a ƙasan wanda ya gabata, da ita na riƙa laluben jerin, na kwafe abin da ya samu. Amma daga ganye na saba'in zuwa ƙarshe, duk inda labari ya fara daɗi sai in faɗa rami, ganye biyu suna wurin Yaya. Sau biyu na aika masa, bai ba da amsa ba.

Makon jiya na cire kunya na je gidansa da kaina. Ya bar ni a zaure har ruwan da aka kawo mini ya huce, sannan ya fito da gafakar a hannu ya zauna nesa da ni. Ya ce ranar rabo ya so ƙwarai in ce kyauta ce, da ya samu abin da zai riƙe ni da shi har ya mutu. Na ce na sani. Ya ce ganyayen ba za su fita daga gidansa ba ko na yini ɗaya, in ina so in riƙa zuwa duk Asabar in kwafa a nan, in haɗo da wanda na riga na kwafa. Na ce na yarda. Ya ce da sauran sharaɗi, ba a zuci zan riƙa karantawa ba, da ƙarfi zan yi, tun daga farko, yana zaune.

Na tambaye shi dalili. Ya daɗe yana murza igiyar gafakar kafin ya amsa.

“Shekara guda ina buɗe su ina kallo, ko layi ɗaya ban iya haɗawa ba. So nake in ji mene ne a ciki da Baba ya fi son zama da shi a kan zama da ni.”

Ya tashi ya shiga gida, ya dawo da buta ya zuba mini na wanke hannu, shi ma ya wanke nasa. Asabar mai zuwa za mu fara.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Mu kuma da ya bari, Allah Ya daidaita tsakaninmu.